Ƙanƙara na narkewa, teku na ƙara kore: me ke ciyar da ƙananan tsirran ruwa a ƙuryar duniya?

Labarai biyu ne ke yawo, kuma duk wanda ya karanta su a jere zai ɗauka ɗaya na ƙaryata ɗaya. Na farko ya ce ƙanƙarar da ke rufe teku a ƙuryar arewa da ƙuryar kudu ta duniya tana ja da baya. A watan Maris na 2025, lokacin da ƙanƙarar Tekun Aktik na ƙuryar arewa ke kaiwa iyakar faɗinta na shekara, ta tsaya a murabba'in kilomita miliyan 14.3, wanda a lokacin shi ne mafi ƙanƙanta tun da aka fara auna ta da tauraron ɗan'adam a 1979. Na biyu kuma ya ce tekun ya ƙara albarka. Masana daga Jami'ar Stanford ta Amurka sun wallafa a 2020 cewa abincin da ƙananan tsirran ruwa ke samarwa a Aktik ya ƙaru da kashi 57 cikin 100 tsakanin 1998 da 2018.

Mai karatu a Gombe zai iya cewa, to in dai narkewar ƙanƙara na ƙara abincin kifi, ina abin damuwa? Duk labaran biyu gaskiya ne. Abin da ya ɓace a tsakaninsu shi ne, janyewar ƙanƙara haske kawai take ƙara wa teku, haske kuma ba ya maye gurbin taki. Wanda ya taɓa noma ya san rana kaɗai ba ta cika rumbu.

## Kalmomin da sai an gane su tukuna

Filankiton suna ne na duk wata halittar ruwa da ba ta da ƙarfin yin gaba da igiya, sai inda ruwa ya kai ta. Iri biyu ne. Akwai na tsiro, masu ƙwayar halitta ɗaya, waɗanda ke haɗa abinci da hasken rana da iskar kabon kamar yadda ganyen dawa ke yi. Akwai kuma na dabba, waɗanda ke kiwo a kan na farkon. Masu kiwon karfasa a kududdufin ƙasa a gefen Dadin Kowa sun san na tsiron ido da ido: in aka jefa buhun kashin kaji a ruwan, cikin kwanaki kaɗan sai ya koma kore. Mai kududdufin yakan tsoma hannu har gwiwar hannu, in tafinsa ya fara ɓacewa a nan, koren ya yi daidai, in ya ɓace tun a wuyan hannu, taki ya yi yawa. Wannan koren, in aka haɗa na dukkan tekunan duniya, shi ke yin kusan rabin aikin haɗa abinci da hasken rana da ake yi a duniya baki ɗaya.

Ƙanƙarar teku kuwa ruwan tekun ne da kansa ya daskare. Saboda gishirin da ke cikinsa, kimanin giram 35 a kowane kilo, ba ya daskarewa sai sanyi ya kai digiri 1.8 ƙasa da sifiri. Daban take da tulin ƙanƙarar da ke kwance a kan ƙasar Girinlan da nahiyar Antatika, wadda dusar ƙanƙara ce ta taru shekaru dubbai. Ta kan tudu ita ce ke ƙara tsayin teku in ta narke. Ta teku da ma a kan ruwa take shawagi, narkewarta ba ta ƙara wani tsayi na a zo a gani, illarta ta wata hanya take zuwa.

Sai sinadaran da tsirran ke ci. Biyu daga cikinsu manomi ya san su a jikin buhun NPK: naitirojin da fosfaras. Masanin teku Alfred Redfield ya lura cewa a jikin filankiton, kowace ƙwayar zarra ɗaya ta fosfaras tana tafiya da 16 na naitirojin da 106 na kabon. Akwai silika, wanda wani jinsi mai suna dayatom ke gina ɓawonsa da shi, ɓawo mai kama da gilashi. Akwai kuma ƙarfe, wanda ɗan mitsitsi ake buƙata, amma in babu shi injin haɗa abincin ba ya tashi. Ƙa'idar ita ce wadda ake koya wa ɗaliban aikin gona: sinadarin da ya fi ƙaranci shi ke yanke hukuncin yawan amfani, ko da sauran sun yi ambaliya.

## Haske a sama, taki a ƙasa

Wahalar noman teku ita ce abubuwan biyu ba wuri ɗaya suke ba. Haske na sama, a ruwa mai tsabta yakan isa mita 100 ko fiye kafin ya ragu ya koma kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa. Taki kuwa yana ƙasa, domin duk abin da ya mutu nitsewa yake yi ya ruɓe a can cikin duhu. Teku ba ya yabanya sai wani abu ya ɗago ruwan ƙasa zuwa sama, iska mai ƙarfi ko sanyin da ke sa ruwan sama ya yi nauyi ya nitse.

Amma gauraya in ta yi yawa ita ma ɓarna ce. In iska na juya ruwa har zurfin mita 200, tsiron zai riƙa shafe mafi yawan lokacinsa a duhu, abin da ya haɗa a sama ya cinye shi a ƙasa. Masanin Norwe Harald Sverdrup ya tsara wannan lissafi a 1953. Abin da tsiron ke so shi ne a gauraya ruwan a lokacin sanyi, taki ya hau, sannan ruwan ya kwanta in rana ta dawo. A ƙuryar duniya, inda dare ke ɗaukar watanni rana ma ta ɗauki watanni, ƙanƙara ce ke riƙe da akalar wannan tsari.

## Ayyukan da ƙanƙara ke yi

Aikinta na farko murfi ne. Ƙanƙarar da dusa ta lulluɓe tana mayar da kashi 80 ko fiye na hasken rana sama, buɗaɗɗen ruwa kuwa ƙasa da kashi 10 yake mayarwa, sauran ya shanye. Dusar ta ma fi ƙanƙarar tare haske, taƙi ɗaya ko biyu na dusa ya isa ya bar ƙarƙashin cikin duhu. Murfin nan kuma yana raba iska da ruwa, don haka ruwan ƙarƙashinsa ba ya gauraya sosai.

Aiki na biyu ya fi ban mamaki, domin ƙanƙarar gida ce. A lura da zoɓon da aka daskarar a leda. In yaro ya huda ya tsotsa, zaƙin da jan ne ke fara fitowa, sai a bar shi da farar ƙanƙara marar ɗanɗano a hannu. Dalili shi ne ruwa zalla ne ke daskarewa, sukari kuwa ya taru a 'yan ƙananan hanyoyi tsakanin ƙwayoyin ƙanƙarar. Haka gishiri ke yi a ƙanƙarar teku. Ruwan gishiri mai kauri yana taruwa a siraran magudanai, wasu ba su kai kaurin gashi ba, kuma a cikin waɗannan magudanai ne gansakukar ƙanƙara ke zama. Ta fi yawa a 'yan santimitocin ƙarshe na gindin ƙanƙarar, inda take taɓa ruwan teku ta sami taki. In masu bincike suka haƙo guntun ƙanƙara suka juya shi, gindin launin shayi ne da shi. Wannan gansakuka ta saba da haske kaɗan ƙwarai, shi ya sa takan fara girma makonni kafin ruwa ya buɗe. Ita ce tumun farko na shekara, a lokacin da babu wani abinci a teku. A tsakiyar Aktik, inda ƙanƙara ba ta cika janyewa ba, wasu ma'aunai sun nuna ita ke samar da fiye da rabin abincin wurin.

Na uku shi ne abin da take yi in ta narke. Ruwan narkewar ba shi da gishiri sosai, ya fi na teku sauƙi, sai ya kwanta a sama kamar mai a kan miya. Wannan siririn hawa na mita 10 zuwa 20 yana riƙe tsirran a cikin haske, ga takin da sanyi ya ɗago, ga irin da ya zubo daga ƙanƙarar. Shi ya sa a hotunan tauraron ɗan'adam ake ganin wata koriyar ɗamara tana bin bakin ƙanƙara duk inda ta ja. Bunƙasar ba ta daɗewa, makonni biyu zuwa uku ne a wuri guda, taki ya ƙare ta mutu.

## Aktik: kwano mai murfin ruwan daɗi

Aktik teku ne da ƙasashe suka kewaye: Rasha, Kanada, Amurka ta ɓangaren Alaska, Girinlan da Norwe. Manyan kogunan Saiberiya, wato Ob da Yenisei da Lena, da kogin Mackenzie na Kanada, duk a cikinsa suke zuba. Kusan kashi 10 cikin 100 na ruwan kogunan duniya a nan yake ƙarewa, alhali tekun bai wuce kashi 1 na ruwan tekunan duniya ba. Sakamakon shi ne ruwan daɗi ya yi masa rufi na dindindin. Ruwan ƙasa mai taki yana nan, amma iska ba ta iya keta rufin ta ɗago shi. Sinadarin da ke fara ƙarewa a nan naitirojin ne, kuma a tsakiyar bazararsu a wurare da yawa na'ura da ƙyar take iya gano shi a saman ruwa.

Ƙanƙarar kuwa ta ragu ba kaɗan ba. Faɗinta a watan Satumba, lokacin da ta fi tsukewa, yana raguwa da kimanin kashi 12 cikin 100 duk shekara goma. A farkon shekarun 1980 ya kai murabba'in kilomita miliyan 7, a 2012 ya faɗo miliyan 3.4. Abin da ya ɓace a tsakani ya kusa faɗin Nijeriya sau huɗu. Wadda ta rage ma ta sirance, yawancinta 'yar shekara ɗaya ce, mai kaurin mita ɗaya zuwa biyu, tsohuwar mai kaurin mita uku zuwa huɗu ta yi ƙaranci.

Sirancewar ta haifar da abin da ba a zata ba. A Yulin 2011 ayarin binciken da hukumar NASA ta ɗauki nauyi, a jirgin fasa ƙanƙara mai suna Healy, ya shiga Tekun Chukchi da ke arewa da Alaska ya tarar da ruwa kore shar a ƙarƙashin ƙanƙara, har tsawon fiye da kilomita 100 daga bakinta. Ashe ƙananan tafkunan da ke taruwa a kan siririyar ƙanƙara in ta fara narkewa tagogi ne, suna barin kusan rabin haske ya wuce. Tauraron ɗan'adam ba ya ganin abin da ke ƙarƙashin ƙanƙara, ma'ana lissafin da aka daɗe ana yi ya tsallake wani kaso na amfanin.

A koma ga kashi 57 ɗin nan, domin a cikinsa darasin yake. Masu binciken sun raba shekarun gida biyu. A goman farko, ƙaruwar ta zo ne daga faɗaɗar buɗaɗɗen ruwa da tsawaitar kakar girma, kamar an ƙara wa manomi fili. Daga wajen 2009 faɗaɗar ta lafa, amma amfani ya ci gaba da hawa saboda koren ya ƙara kauri, abin da ba zai yiwu ba sai da sabon taki. Kuma ba ko'ina aka ga haka ba. An fi ganinsa a ƙofofin shiga biyu: Tekun Chukchi, inda ruwan Fasifik mai taki ke shigowa ta mashigin Bering mai faɗin kilomita 85 da zurfin mita 50 kacal, da Tekun Barents da ke arewa da Norwe da Rasha, inda ruwan Atilantika ke kutsowa. A tsakiyar kwanon, musamman ɓangaren Kanada, ruwan daɗi ƙaruwa ya yi, rufin ya ƙara ƙarfi. Wani bincike na 2009 ya nuna a can manyan ƙwayoyin tsiro na raguwa, mitsi-mitsin na ƙaruwa. Wannan ba ƙaramin sauyi ba ne. Babban dayatom ɗan dabba zai cinye shi kai tsaye, kifi ya cinye ɗan dabban. Mitsitsin kuwa sai ya bi ta bakuna biyu ko uku kafin ya isa ga kifi, kuma a kowane baki kusan kashi 90 na abincin salwanta yake yi.

Akwai wata hanyar taki da ake yawan mantawa da ita, wato ƙasa. Koguna na kawo naitirojin, gaɓar tekun kuma da daskararriyar ƙasa aka yi ta, in ta narke igiya na cin ta mita-mita a shekara. Wani ƙiyasi na 2021 ya ce waɗannan biyun na iya ɗaukar nauyin kusan kashi ɗaya cikin uku na amfanin Aktik.

## Tekun Kudu: taki jibge, ƙarfe babu

A kudu komai a juye yake. Nahiyar Antatika ce a tsakiya, teku ya kewaye ta, babu wata ƙasa da ke tare iskar yamma da ke zagaye ta dare da rana. Iskar na ɗago tsohon ruwa daga zurfi, mai cike da naitirojin da fosfaras da silika. Babu wani babban teku da ya kai shi taki a samansa. Duk da haka yawancinsa shuɗi ne fayau, tsirran ba sa cinye ko rabin abin da aka ajiye musu.

Masanin teku John Martin na Amurka ne ya dage a ƙarshen shekarun 1980 cewa ƙarfe ne babu. Ƙarfen teku daga ƙasa yake zuwa, ta ƙura ko koguna ko lakar gaɓa, Tekun Kudu kuma ya yi nisa da duk waɗannan. Ƙarancin ya kai in aka cika tankar lita 33,000 da ruwan samansa, narkakken ƙarfen da ke ciki bai kai nauyin ƙwayar gero ɗaya ba, nesa ba kusa ba. Kafin Martin, ma'aunai da yawa sun lalace ne saboda tsatsar jirgin da wayar da ake saukar da kwalba da ita sun fi tekun ƙarfe.

Mu nan muna zaune a ɗaya gefen wannan labari. Ƙurar hunturu da ke rufe Gombe daga Disamba zuwa Fabrairu, wadda babban kasonta ke tasowa daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi, tana wuce mu ta faɗa Tekun Atilantika ɗauke da ƙarfe da fosfaras. Abin da ke fasa mana leɓe shi ne takin wancan teku. Tekun Kudu ba shi da Sahara kusa, sai 'yar ƙurar Patagoniya a Ajantina da ta Ostireliya. Da gobarar dajin Ostireliya ta 2019 zuwa 2020 ta turo hayaƙi da toka, an ga kore ya tashi a faɗin teku dubban kilomitoci daga gaɓa. Haka kuma a bayan tsibiran Kerguelen da Jojiya ta Kudu, inda igiya ke wanko ƙarfe daga duwatsu da laka, duk shekara ruwan na yin kore.

A nan ƙanƙarar teku ta zama rumbu. Tana faɗaɗa zuwa murabba'in kilomita miliyan 18 ko fiye a Satumba, ta tsuke zuwa miliyan 2 ko 3 a Fabrairu. Lokacin daskarewa tana tattara ƙarfe daga ruwa har ya ninka na ruwan da ke ƙarƙashinta sau da yawa, ta riƙe shi duk tsawon duhu, ta sake shi daidai lokacin da rana ta dawo. Ba ƙirƙirar ƙarfen take yi ba, adana shi take yi ta kuma kai shi inda babu. Shekaru da dama ƙanƙarar kudu ta ƙi bin sahun ta arewa, har ta kai mafi faɗinta a 2014. Daga 2016 ta juya, a Fabrairun 2023 ta sauka zuwa miliyan 1.79, mafi ƙaranci a tarihin awo.

## Shin a zuba ƙarfen kawai?

An gwada. Daga 1999 zuwa 2009 jiragen bincike sun zuba narkakken ƙarfe a Tekun Kudu sau da dama, kuma kusan kowane karo ruwan ya yi kore. Wannan ya tabbatar da maganar Martin. Abin da bai tabbatar ba shi ne fatan da wasu suka ɗora a kai, cewa tsirran za su zuƙe iskar kabon su nitse da ita ƙasan teku a rage ɗumamar duniya.

A gwajin da aka sa wa suna EIFEX, na 2004, dayatom ne suka bunƙasa, kuma masu binciken sun ruwaito cewa aƙalla rabin abin da ya tsiro ya nitse ƙasa da mita 1,000. A gwajin LOHAFEX na 2009, na haɗin gwiwar Indiya da Jamus, an zuba ƙarfen a faɗin murabba'in kilomita 300 inda silika ya yi ƙaranci. Dayatom ba su samu abin gina ɓawo ba, tsirrai marasa ɓawo suka fito, ƙananan dabbobi suka kiwace su nan take, kabon kaɗan ne ya nitse. An toshe ƙofa ɗaya, wata ta buɗe. Masu goyon bayan ci gaba da gwaji na cewa gwaje-gwajen baya ƙanana ne kuma gajeru. Masu adawa na cewa takin da aka cinye a kudu wani teku aka hana, ruɓewar tsirran kuma na iya shanye iskar shaƙa a zurfi. A 2013 ƙasashen da ke cikin Yarjejeniyar Landan kan zubar da abubuwa a teku sun amince da gyaran da ke neman taƙaita wannan aiki ga binciken kimiyya kaɗai.

## Saɓanin lokaci

Ko da jimillar abinci ta ƙaru, yaushe ya zo, wa ya same shi? A Aktik akwai ɗan dabba mai suna Calanus glacialis, bai fi ƙwayar shinkafa ba, jikinsa cike da mai. Macen na cin gansakukar ƙanƙara ta yi ƙwai, 'ya'yan su ƙyanƙyashe su girma daidai lokacin bunƙasa ta biyu, ta buɗaɗɗen ruwa, bayan kusan wata biyu. In ƙanƙara ta watse da wuri, tazarar ta gajarce, bunƙasar ta zo ta wuce kafin 'ya'yan su iya ci. Manomin da ruwan sama ya yaudara ya yi shuka a farkon Mayu sannan aka ɗauke mako uku ya san irin wannan asara. Abincin da ba a ci a sama ba nitsewa yake yi, halittun ƙasan teku su amfana, kifin sama ya rasa.

A kudu kiril ne ginshiƙi, wani ɗan jatan lande mai tsawon santimita 6, wanda nauyinsa a jimlace ya kai tan miliyan ɗaruruwa. Shi ne abincin tsuntsayen fengwin da manyan dabbobin teku. 'Ya'yansa ba su da kitsen da zai kai su ƙarshen sanyin farko, don haka a gindin ƙanƙara suke fakewa suna kankarar gansakuka. Shekarar da ƙanƙara ta yi ƙaranci, waɗanda ke tsira sukan ragu. Kashin dabbobin da ke cin kiril kuma cike yake da ƙarfe, yana komawa saman ruwa ya sake zama taki.

## Inda masana suka rabu

Ba a jayayya kan cewa Aktik ya ƙara kore. Jayayyar kan ko zai ɗore ne. Wani ɓangare na ganin buɗaɗɗen ruwa zai ba guguwa damar gauraya teku, da ƙarin ruwan Atilantika da na Fasifik, don haka taki zai ci gaba da zuwa. Suna kafa hujja da wata sabuwar bunƙasa da aka fara gani a ƙarshen kaka a wuraren da da ba a san ta ba. Ɗaya ɓangaren na cewa ƙarin ruwan sama da na koguna zai ƙara ƙarfin rufin ruwan daɗi, naitirojin ya ƙara nisa. Hujjojin da ke hannu sun fi nuna cewa kowanne na da gaskiya a yankinsa: bakin kwanon na ƙaruwa, tsakiyarsa na nan da yunwarsa. Ba kowane kore ne alheri ba kuma. A 2022 an ga babbar bunƙasar Alexandrium, tsiro mai dafin da ke taruwa a jikin kifin ɓawo, a yankin mashigin Bering, inda mazauna gaɓa suka dogara da abincin teku.

A kudu, lissafin kwamfuta da yawa na hasashen amfani zai ƙaru, saboda ƙarin haske da ƙarfen da narkewar ƙanƙarar tudu ke kawowa. Amma wani bincike da ya fito a 2023, wanda ya duba bayanan shekaru 26, ya ga alamun yunwar ƙarfe na ƙaruwa a jikin tsirran. Batun kiril ma haka: wasu masana sun ruwaito ya ragu a arewacin mazauninsa ya matsa kudu, wasu suka sake duba alƙaluman suka ce raguwar ba ta tabbata ba. Tushen saɓanin ƙarancin awo ne. Tauraro ba ya gani ta cikin gajimare ko ƙanƙara ko daren watanni, jirgi kuma da bazara kawai yake iya zuwa. Na'urori masu nitsewa da kansu zuwa mita 2,000 su taso duk kwana goma sun fara cike wannan giɓi.

## Abin da ya shafi kasuwa da kududdufi

Hanya mafi kusa ita ce kifin ƙanƙara. Titus da shawa da ake saukewa a katan a babbar kasuwar Gombe, da busasshen kifin da ake shigowa da shi daga Norwe, daga ruwan arewa masu sanyi suke, kuma dangin Calanus su ne abincinsu ko abincin 'ya'yansu. Kason kifin kod, wanda ake yin wannan busasshen kifi da shi, da aka yarda a kama a Tekun Barents ya kai tan miliyan 1 a 2013, a 2025 ya sauka zuwa 340,000. Sai dai ba daidai ba ne a ɗora wannan kacokan a kan ƙanƙara. Yawan kamu da ƙarancin sababbin 'ya'ya na cikin dalilan, kuma a farashin da mai saye ke biya a Gombe, canjin dala da kuɗin dizal da na mota daga Legas sun fi filankiton tasiri a yau. Tasirin filankiton a hankali yake zuwa, ta hanyar yawan kifin da kuma inda yake komawa. Saboda rashin tabbas ɗin ne ƙasashen yankin da wasu manyan masu kamun kifi suka haramta kamun kasuwanci a tsakiyar Aktik na shekara 16 daga 2021. A kudu ma an rufe kamun kiril da wuri a Agustan 2025, karon farko da aka cika iyakar tan 620,000.

Hanya ta biyu ta fi tsawo, ta kuma fi nauyi. Takin da tsirran Tekun Kudu suka kasa cinyewa ba asara ba ne. Ruwan na nitsewa ya bi ta ƙarƙashi zuwa arewa, ya sake ɓullowa a wasu tekuna. Wani bincike na 2004 ya ƙiyasta cewa kusan kashi uku cikin huɗu na amfanin tekunan da ke arewa da shi na dogara da wannan taki. Cikin wuraren da yake ɓullowa akwai gaɓar Peru, babbar matattarar garin kifin da ake haɗa abincin tarwaɗa da na kaji da shi, da gaɓar Namibiya, inda ake kamo kote. In ƙanƙarar kudu ta janye, ruwan ya yi ɗumi, tsirran can suka cinye taki fiye da da, abin da zai wuce arewa raguwa zai yi. Wani hasashe na 2018 ya ce in hayaƙin masana'antu ya ci gaba ba sassauci, kifin da duniya ke iya kamawa zai ragu da fiye da kashi 20 cikin 100 zuwa shekarar 2300. Mai kududdufi a Dadin Kowa yana zuba taki ya ga sakamako cikin mako guda. Ruwan da ya nitse a Tekun Kudu kuwa sai ya shafe gomman shekaru a hanya kafin ya ɓullo a gaɓar Peru, don haka sauyin da ƙanƙarar kudu ta shiga tun 2016 bai ma iso can ba tukuna.